Kama Da Wane Ba Ta Wane



Ina roƙon a ba ni fili a wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro tun daren laccar da Ƙungiya ta shirya a zangon karatun da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna wani ɗan'uwanmu ya karanta takarda a kan kalmomin aro cikin Hausa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba da shi nake faɗa ba. Takardar da Hausa aka rubuta ta, da Hausa kuma aka karanta ta. Amma duk sa'ad da ya iso wurin da ya kamata ya kawo hujja, sai ya gyara tsayuwa, ya sauya harshe, ya ce da Turanci, "It sounds like." Watau wai kalmar nan tamu ta yi kama da wata ta Ingilishi ko ta Larabci a kunne, saboda haka daga can ta fito. Na yi ta ƙirgawa a bayan littafina har na kai sau goma sha ɗaya, na gaji na bari.

Da ya zo kan kalmar boko ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, "Boko, it sounds like book," ya wuce. Na duba dama da hagu, na ga alƙaluma sun duƙufa suna kwafewa. Lokacin tambayoyi na ɗaga hannu na ce, "Malam, ban da kamar da suka yi, wace hujja ce ta nuna boko daga book ya fito?" Ya ce, "Haba, ai wannan kowa ya sani." Ɗaki ya ɗauki dariya, na zauna. Dariyar ba ta dame ni ba kamar yadda kunyar kaina ta dame ni, domin ni ma na taɓa rubuta wannan magana a jarrabawar shekarata ta farko, aka kuwa ba ni maki a kanta. Tun daga daren nan na shiga bincike, ga kuma abin da na samo.

'Yan kalmomin nan biyu, sounds like, ba su da laifin kome a gidansu. Bature yakan faɗe su in yana kwatanta wa wani yadda ake furta sunan da bai saba ji ba. Suna ma da wani wasa na zaman hira, inda ake kwatanta kalma da hannu ba tare da an buɗe baki ba. In mai wasa ya kama kunnensa, to yana nufin kalmar da ake nema ta yi kama da wata a sauti. Iyakar matsayin maganar ke nan a wurin masu ita, shaidar kunne da abin wasa. Mu kuwa mun ɗauko ta mun naɗa mata rawani, mun zaunar da ita a buzun alƙali, tana yanke hukunci a kan asalin kalmominmu, har ma da asalin kakanninmu.

Ku lura da dalilin da ya sa ake faɗinta da Turanci a tsakiyar jawabin Hausa. Da mai lacca ya ce, "Boko ya yi kama da book a kunne, don haka ɗansa ne," da kafin ya rufe baki wani daga bayan ɗaki ya jefo masa karin maganar da kowa ya tashi da ita, kama da wane ba ta wane. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba ta san ba a rabon gado da kamannin fuska. In wani ya zo gidan mamaci ya ce a ba shi kaso don hancinsa irin na marigayi ne, alƙali zai ce ya kawo shaidu. Amma da zarar an sa wa wannan raunanar hujja kwat da wando, sai mu da muke jami'a mu ji nauyin yi mata tambaya.

To, bari mu kira shaidun. Shaida na farko shi ne sautin kansa, tun da shi aka kafa hujja da shi. Hausa ba ta aron kalma da ka. Kowane sautin baƙon harshe yana da inda yake sauka a bakin Bahaushe, kuma nan yake sauka kullum. Wasalin da ke cikin book shi ne ke cikin cook, da wool, da sugar, da cushion. Yaya muka ari waɗannan? Kuku, ulu, suga, kushin. Duk da wasalin u suka shigo. Ashe da mun ari book, da buku za mu ce, kamar yadda muka ce kuku. Harsunan da suka ari kalmar daga Turawa da gaske haka suka yi. Masu Shona a Zimbabuwe da masu Cicewa a Malawi da wasalin u suke kiran littafi, buku.

Na san wani zai ce, to bokiti fa, ba da bo ya fara ba? Lalle da shi ya fara, amma wasalin bucket dabam ne da na book. Shi ne na cup da brush, waɗanda suka zama kofi da buroshi. Wannan wasali o yake ba mu, wancan kuwa u, ba su taɓa shiga gonar juna ba. Abin da ke ruɗinmu shi ne rubutun Ingilishi, inda ake rubuta book da o guda biyu alhali ba o ake furtawa ba. Kakanninmu kuwa da kunne suka ari kalmomin Nasara, a bariki da kicin da tashar jirgin ƙasa, ba daga takarda ba. Kun ga ke nan kamar da ake taƙama da ita ma ta ido ce. Mai cewa sounds like ko sauraron kalmar bai yi ba.

Shaida na biyu ma'ana ce. In Hausa ta ari sunan wani abu, abin nan dai sunan yake ci gaba da nufi. Bokiti bokiti ne, tebur tebur ne, mota mota ce. To wa ya taɓa jin Bahaushe ya ce, "Miƙo mini bokon nan da ke kan tebur," ko "Na sayo boko uku a kasuwa"? Babu. Boko bai taɓa nufin abin nan mai bango da shafuffuka ba, ko a Kano, ko a Sakkwato, ko a Damagaram. Ba ma bukatar aron sunansa, domin muna da littafi ɗaruruwan shekaru kafin Bature na farko ya hango ganuwar Kano.

Me boko yake nufi a asali? Ku je laburare ku buɗe ƙamus na Bargery wanda aka buga a 1934. Za ku tarar da jerin ma'anoni da suka shafi algus, da ha'inci, da nuna abu ya fi yadda yake, ko a yawa ko a kyau. Ku tambayi kakanninku mata mece ce amaryar boko. Za su gaya muku ita ce wadda ake ɗorawa bisa doki a raka ta da guɗa a idon jama'a, alhali amaryar gaske an bi da ita ta wata hanya a ɓoye. Har yau in abu ya cika ƙyale-ƙyale ba ƙwari mukan ce biri-boko ne. Wane littafi ne a cikin amaryar boko? Wane book ne a wurin biri? Kalmar tamu ce, haifaffiyar gida, ma'anarta kuwa jabu, abin da ba na ainihi ba.

Shaida na uku tarihi ne, shi ne kuma ya haɗa zancen. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano. Mutanen da suka gaji allo da tawada da zaure suka dubi wannan sabon karatu da ake rubutawa daga hagu zuwa dama, suka sa masa sunan da suke sa wa amaryar ƙarya, karatun boko. Wannan bayani ba ni na ƙago shi ba. Farfesa Paul Newman, mai babban littafin nahawun Hausa na shekarar 2000, ya rubuta maƙala sukutum a kan asalin kalmar a 2013, ya kuma nuna cewa wani malami ɗan Arewa, Liman Muhammad, ya riga ya faɗi haka tun 1968. Shekara arba'in da biyar ɗan gida ya faɗi gaskiya, muna ta bin sounds like.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan kalma ɗaya? To ku tuna abin da ya faru bayan rikicin Maiduguri na 2009, da kuma bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014. Jaridun duniya suka tashi bayyana wa masu karatunsu sunan da jama'a suka laƙaba wa ƙungiyar nan, da yawa daga cikinsu kuwa suka rubuta cewa boko gurɓatacciyar book ce. Me mai karatu a Landan ko Niyok zai fahimta? Zai fahimci ga wasu mutane da ba su san littafi ba sai da Ingilishi suka kawo musu, har suka kasa furta sunansa. Alhali Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan sha'anin mulki tun wajen ƙarshen ƙarni na 15. Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa. In baƙo ya yi wannan kuskure, uzurinsa rashin sani. Mu da muke maimaita shi a ɗakin lacca, mene ne namu uzurin?

Akwai wata hasarar kuma. Kalmar boko takarda ce da kakanninmu suka bar mana, ɗauke da hukuncin da suka yanke wa makarantar mai mulkin mallaka ran da suka fara ganinta. Ni ɗan boko ne, da rubutun boko nake wannan takarda, kuma ba na tare da duk mai hana yaro ko yarinya zuwa makaranta, balle mai ɗaukar makami a kan ɗalibai. Kalmar ma ta daɗe da sakin dafinta, yau mutum yakan ce ɗansa ya yi zurfi a boko yana alfahari. Amma wanda yake so ya gane dalilin da ya sa iyaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗaukar yara makaranta, to cikin wannan kalma zai fara samun amsa. Wanda ya ce daga book ta fito ya yage wannan takarda, ya maye gurbinta da tatsuniya.

Yanzu mu juya abin ta ɗaya gefen. Kalmomin da muka ara da gaske, sau da yawa ba su kama da iyayensu ko kaɗan. Wa zai ji likita ya ce doctor ce? Wa zai ji hafsa ya tuna da officer, ko kurtu ya tuna da recruit, ko tasha ya tuna da station? Kwabon da ke cikin sunan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a Zariya a 1939, daga copper ya fito. Mai auna kalma da kunne kaɗai zai wuce waɗannan duka bai gane su ba, ya je ya cafke boko wanda bai ci ba bai sha ba. Ɗan doka ne da ke sakin ɓarawo ya kama mai gida.

Littafi kansa aro ne, daga al-kitab na Larabci. Yaya aka sani, tun da kamar ba ta da yawa? An sani domin ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Lam ɗin da ke farkonsa ragowar al ce, irin wadda ke cikin labari daga al-khabar, da liman daga al-imam, da lafiya daga al-afiya, da lahira daga al-akhira. Ba ɗin ƙarshe da ta zama fa, haka ta yi a laifi daga al-aib, da aljifu ko aljihu daga al-jaib. Lokaci daga al-waƙt ne, ta ɗinsa ta zama ca a gaban wasalin i, kamar yadda mota ke zama motoci, jam'insa kuwa, lokuta, ya tona asirin ta ɗin da ta ɓuya. Wannan ita ce hujja, sauyi guda yana maimaita kansa a kalma bayan kalma, har ya zama ba za a ce dace ba ne.

Kalmomin gida ma suna sauya kama. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana a 1928 yadda baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa yake raunana a Hausa. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, ka ta koma u. Shi ya sa Bakano ke cewa sauro, zauna, auduga, aure, alhali a Sakkwato da Katsina za ka ji sabro, zamna, abduga, amre, waɗanda su ne tsofaffin siffofin. Duk wanda ya ɗauki sauro yadda Bakano ke faɗinsa ya tafi neman mai kama da shi a ƙamus na wani harshe, hoton da ba na asali ba ya ɗauka ya tafi cigiya. Kafin ka ce kalma ta yi kama da wata, sai ka san kamanninta na jiya.

In kuwa kama ce hujja, bari in taya ɗan'uwanmu aiki. Wuta ta yi kama da water, sai mu ce daga nan ta fito, ko da yake ɗaya na kashe ɗaya. Shi ya yi kama da she, illa dai namu namiji ne nasu mace. Hannu ya yi kama da hand, dogo ya yi kama da dog. Kada ku yi dariya, domin irin wannan dace ya taɓa ba masana mamaki. A arewacin Ostireliya akwai wani harshe, Mbabaram, wanda masani Dixon ya tarar sunan kare a cikinsa dog ne, daidai da na Ingilishi, ma'ana ɗaya, sauti ɗaya. Da aka bi sawu sai aka ga daga tsohuwar kalmarsu gudaga ya fito, ba ruwansa da Ingila. A Farisanci bad na nufin mummuna, kamar dai a Ingilishi, amma kowace da tushenta dabam.

Ba abin al'ajabi ba ne. Bakin ɗan Adam guda ne, sautukan da yake iya fitarwa ƙididdigaggu ne. Hausa tana da baƙaƙe wajen talatin da wasula biyar, dogaye da gajeru, yawancin kalmominta kuwa gaɓa biyu ne ko uku. Ka ɗauki ƙamus mai dubban kalmomi ka ajiye kusa da wani mai dubbai, tilas ka sami waɗanda suka yi karo. Ka shiga kasuwar Kurmi ranar da ta cika ka tsaya sa'a guda, in ba ka ga mai kama da kawunka ba ka zo ka tuhume ni. Za ka bi shi gida ka ce ya ba ka kuɗin makaranta?

Wannan ciwo ba jiya ya kama mu ba, kuma ba a kan kalmomi kaɗai ya tsaya ba. Richmond Palmer, wanda ya yi Laftanan Gwamnan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya yi aikin da ba za a raina ba wajen tattara tsofaffin takardu, shi ne ma ya fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Ingilishi a 1908. Amma duk wanda ya buɗe littattafansa na 1928 da 1936 zai ga yadda yake ɗaukar sunan gari ko na ƙabila a nan, ya haɗa shi da wani mai kama da shi a Masar ko Nuba ko ƙasar Barbar, ya gina ƙaura sukutum a kai. Zamaninsa zamani ne da Turawa irin su Seligman ke koyar da cewa duk wani ci gaba da aka gani a Afirka wasu fararen baƙi ne da ake kira Hamawa suka kawo shi. Kamannin suna shi ne tubalin da aka gina wannan ra'ayi da shi. Sai a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya fito a Zariya ya nuna yadda daulolin ƙasar Hausa suka tsiro daga ƙasarsu, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni.

Kada mu ɗora wa Turawa laifin duka, domin mu ma muna da ƙwaɗayin a ce daga wani wuri muka zo. Mu ne masu cewa Hausa daga "hau sa" ne, Bayajida kuma "ba ya ji da". Maƙwabtanmu an ce musu Barno Barru Nuhu ce, watau ƙasar Annabi Nuhu, Yarabawa kuma an haɗa su da Ya'arubu. Kowace daga cikin waɗannan ba ta da abin dogara sai kunne. Neil Skinner ya kawo wata shawara a 1968, cewa sunan Hausa yana da alaƙa da kalmar Sanwai da ke nufin gaɓar hagu ta kogin Kwara, kishiyar gurma. Shawararsa ta fi "hau sa" nauyi, domin kalmar tana nan a bakin masu ita, mutanen kuma maƙwabtanmu ne tun fil azal. Duk da haka ita ma sai ta tsaya gaban shaidu kamar kowa. Sunan farfesa ba ya zama hujja.

Wuri na ƙarshe da wannan magana ke yi mana ɓarna shi ne koyar da furuci. Sau nawa muka ji ana gaya wa mai koyon Hausa cewa ƙa sounds like ka, ɗa sounds like da, ɓa sounds like ba? Da wannan gurguwar koyarwa baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa, ɗaiɗai ya zama daidai. Ingilishi ba shi da waɗannan sautuka, saboda haka babu abin da suka yi kama da shi a cikinsa. Haka nan ba shi da abin da zai raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, ko kukan yaro da kukar miya, domin karin sauti ne ya raba su. Waɗanda suka sa wa baƙaƙen nan ƙugiya a shekarun 1930 sun yi ne don sun gane haka. Yau 'ya'yan Hausawa da kansu suna zubar da ƙugiyar, wai ai duk ɗaya ne. Malamin kirki cewa zai yi, saurara ka ji, dubi bakina, maimaita.

Na san abin da za a mayar mini, bari in amsa tun kafin a tambaya. Za a ce ai da kama ake fara kowane bincike. Gaskiya ne. Joseph Greenberg da kamanni ya fara, ya jera harsuna da yawa a lokaci guda, har ya kai ga sanya Hausa da 'yan'uwanta na Cadi, irin su Bolanci da Ngizim da Angas, cikin babban gida guda da Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Masar, a littafinsa na 1963. Amma dubi irin kamannin da ake kafa hujja da su a nan. Muna cewa gidanka da gidanki, Balarabe na cewa baituka da baituki. Muna da mutu, yana da maut. Muna da me, yana da ma. Waɗannan suna cikin ƙashin bayan harshe, inda aro ba ya cika kaiwa. Bayansa kuma Newman da Roxana Ma suka zauna a 1966 suka fitar da ƙa'idojin da sautuka ke bi tsakanin harsunan Cadi. Kama ƙofa ce. Laifinmu shi ne mun shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa mun ce mun shiga gida.

Za a ce kuma "hau sa" da ire-irensa adabin baka ne, hikimar jama'a ce, don me zan raina su? Ban raina su ba. Ina jin daɗinsu a bakin kakata, kuma sun cancanci a tattara su a yi nazarinsu, domin suna nuna yadda mutane suke son a gan su. Amma gizo da ƙoƙi wurinsu dandali ne da dare. Ranar da aka sa gizo a littafin tarihi aka ce shi ya sari Kano, ranar an cuci tarihi, an kuma cuci gizo.

Wani kuma zai ce kishin harshe ne ya rufe mini ido, ba na son a ce Hausa ta yi aro. Wanda ya karanta abin da na rubuta a sama ya san ba haka ba ne. Ni ne na ce littafi aro ne, likita aro ne, har lafiyar da muke gaisuwa da ita kullum aro ce. Harshen da ba ya aro matacce ne, Hausa kuwa 'yar kasuwa ce, ta karɓa daga Larabawa da Barebari da Azbinawa da Yarabawa da Ingilishi da Faransawa, ba ta ji kunya ba. Abin da na ƙi shi ne a rubuta mana bashin da ba mu ci ba, a kuma manta da wanda muka ci.

Saboda haka ina ba Ƙungiya shawara. Daga yau duk wanda ya tsaya a dandalinmu ya ce kalma kaza daga kaza ta fito, shugaban zama ya yi masa tambaya uku. Ta farko, kawo mana wasu kalmomi uku da sautinsu ya sauya ta wannan hanya. Ta biyu, mece ce tsohuwar ma'anar kalmar a bakin tsofaffi da cikin ƙamus na Bargery da na Abraham, yaya kuma ake faɗinta a Sakkwato da Katsina da Gobir da Damagaram? Ta uku, a ina masu harsunan biyu suka haɗu, kuma yaushe? In ya amsa, mu tafa masa mu rubuta. In ya ce sounds like, a ce masa ya faɗa da Hausa, sa'an nan a bar 'yan bayan ɗaki su ba shi amsa.

Ina kuma roƙon kowane ɗan Ƙungiya, in an tafi hutu, ya zauna da tsoho ko tsohuwar gidansu da littafi da alƙalami, ya tambaye su duk inda suka san ana amfani da kalmar boko ban da makaranta, ya rubuto yadda suka faɗa da sunan garin. In muka haɗa abin da muka samo daga garuruwa ashirin ko talatin, mun yi aikin da zai amfani na bayanmu fiye da takarda goma irin ta daren nan.

Ɗan'uwana mai lacca, in maganata ta yi zafi ka yi haƙuri, ni da kai malami ɗaya ya cuce mu, sunansa "kowa ya sani". In kana da shaidar da ta fi tawa, ga fili ga mai doki, Malam Edita ba zai hana ka shafi ba, ni kuwa zan fi kowa murnar a gyara mini. Amma ka zo da shaidu, kada ka zo da hanci.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.